Tsohon injin goge ƙarfe: yadda ake gane shi, da yadda ake tashe shi ya koma aiki

Yau maganarmu a kan wani inji ce da ake yawan gani a kwance cikin tarkacen ƙarfe, a kasuwar Katako ta Yamai, ko a rumfunan ƴan gwangwan na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Inji ne mai nauyi, moter a tsakiya, sandar ƙarfe ta fito dama da hagu. Da yawa suna ɗaukarsa injin wasa wuƙa ne da ya rasa dutsensa, sai a sayar da shi da kilo. Alhali injin goge ƙarfe ne, wanda a takardun Faransa ake rubuta "touret à polir", kuma irinsa ne maƙeran azurfa ke sa ƙyalli da shi ga kuros ɗin Agadas da zobba da awarwaro, kamar waɗanda kuke gani a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Masu zubin tukwanen alminiyam, da masu gyaran babur, da masu ƙera wuƙa da takobi, duk suna da buƙatarsa.

Abu biyu ne ya sa muka ɗauko zancen. Na farko asarar kuɗi: ɗan uwa ya yi wahala ya aiko da inji daga waje, a jona shi ga kuran ɗin da ba nasa ba, ya ƙone nan take. Na biyu kuma lafiyar jiki, domin inji ne da ke iya fizge yatsa ko ya shaƙe mutum da rawaninsa.

Wane iri ne a hannunka?

Injin wasa da injin gogewa ƴan ɗaki ɗaya ne, amma ba aikinsu ɗaya ba. Na wasa sandarsa gajeriya ce, yana da murfin ƙarfe da ke rufe dutsen, da ɗan dandamalin da ake ɗora abin da ake wasawa. Na gogewa sandarsa doguwa ce, don mutum ya samu filin juya tukunya ko faranti ba tare da ya bugi jikin moter ba. Sau da yawa bakin sandar yana da tsini mai zare kamar ƙaton bis, inda ake murɗa faifan ƙyalle ya kama da kansa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tsufa, wanda ba shi da moter sam. Sanda ce kawai a kan gindin ƙarfen zubi, da puli a tsakiya. A tsoffin masana'antun Turai, inji guda ne ke juya wata doguwar sanda a saman ɗaki, kowane ƙaramin inji ya karɓi ƙarfi daga gare ta da bel na fata. In ka ga ƙananan kofuna na zuba mai a kan kowane gefe, to sandar ba a kan rulma take juyawa ba, a kan zoben tagulla ne, ko wani farin ƙarfe mai laushi da ake kira babit, da sunan Isaac Babbitt, Ba'amurken da ya fito da shi a 1839. Kada a raina irin wannan. Ga mutumin ƙauye ma ya fi sauƙi, tunda kowane moter ko ƙaramin injin gazuwal zai iya jan shi.

Farantin suna, katin shaidar inji

A jikin moter akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga rubutu a kai. Kafin komai, a goge shi da tsumma da ɗan kananzir. Kada a sa masa samfefa ko burushin waya, rubutun zai tafi, kuma ba mai mayar da shi. A ɗauki hotonsa da salula a ajiye.

Za ka ga sunan kamfani, misali Leroy-Somer na Faransa ko Baldor na Amurka. Daga nan sai lambobi. Wanda ke da V a gaba shi ne ƙarfin kuran ɗin da yake sha. Wanda ke da Hz shi ne yawan bugun kuran a sakan guda. Wanda ke da kW ko CV ko HP shi ne ƙarfin inji. Doki ɗaya na Faransa, wato CV, wat 736 ne, na Ingila da Amurka, wato HP, wat 746. Sai tr/min ko RPM, yawan juyi a minti guda.

Kuran ɗin gida a Nijar bolt 220 ne, Hz 50. Haka yake kusan a Najeriya da Gana da Kodebuwa da Aljeriya da Libiya da ƙasashen Turai, don haka injin da ya fito daga can ba ya da matsala ta wannan fanni, sai dai a canza masa kan waya. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne, Hz 60. In aka jona injin can kai tsaye, ya ƙone. Sai da taransfo mai rage kuran, kuma babba, ba irin na cajin waya ba. Wasu injunan Amurka an rubuta musu 115/230, ma'ana mai gyaran lantarki zai iya sauya haɗin wayoyinsu su karɓi namu. Ko da haka, injin da aka yi don Hz 60 zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a nan: mai juyi 3450 ya koma wajen 2870, kuma zai fi saurin ɗaukar zafi. Ƴan uwa da ke Saudiyya su ma su lura, can Hz 60 ake amfani da shi.

Abu na gaba shi ne ko na layi ɗaya ne ko na layi uku, wanda masu aikin lantarki ke ce ma tirfaze. In ka ga 3~ ko 220/380, ko ka buɗe ɗan akwatin wayoyi ka tarar da ƙusoshi shida da ƴan farantan tagulla uku, na layi uku ne. Wanda ke da layi uku na Nigelec a shagonsa ya huta. Wanda ba shi da shi, akwai dabarar sa kwandansater, wajen mikrofarad 70 ga kowane kilowat, bayan an mai da haɗin zuwa alamar kusurwa uku. Inji zai juya, amma kusan sulusin ƙarfinsa ya tafi, kuma yana nauyin tashi. In faranti ya ce 380/660, wannan dabara ba ta yi.

Farantin yana ba da labarin shekaru ma. Wanda aka rubuta wa Jamus ta Yamma an yi shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990. Mai sunan Tarayyar Sobiyat bai wuce 1991 ba, mai sunan Cekosulobakiya kuma kafin 1993. Alamar CE tana nuna daga shekarun 1990 ne zuwa yau. Sanin ƙasar yana da amfani wajen noti da bulo: na Turai da milimita ake auna su, na Amurka da tsoffin na Ingila da inci. Sandar Amurka mai inci 5/8 milimita 15.9 ce, kamar 16 amma ba 16 ba ce. Wanda ya tilasta mata notin da ba nata ba ya cinye zaren, kuma gyaran zare ya fi sayen noti tsada nesa ba kusa ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A juya sandar da hannu. In ta juya sumul ba ƙara, madalla. In tana gurnani kamar akwai yashi a ciki, rulma ce, kuma wannan ƙaramin gyara ne. A ɗaga bakin sandar sama da ƙasa a ji ko tana wasa. Sannan a riƙe alli kusa da bakinta, hannu a dafe kan wani abu don kada ya motsa, wani ya juya ta a hankali. In alli ya zana gefe ɗaya kawai ya bar ɗayan, sandar ta lanƙwashe. Sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe, ya miƙar ko ya yi sabuwa.

A sansana ramukan iskar moter. Warin ƙonewa ba ya ɓuya ko bayan shekaru. A duba jikin ƙarfen zubin da kyau, musamman mazaunin rulma da ƙafafu. Tsagewa a ƙafa ana iya lallaɓawa, amma a mazaunin rulma ba ta da magani mai ɗorewa, don ƙarfen zubi ba ya son walda. Injin da ya haɗa ƙonannen naɗi da lanƙwasasshiyar sanda da tsagaggen jiki, a bar wa mai kilo kayansa. Tsatsa da tsohon fenti kuwa kada su tsorata kowa, su ne ma ke sa a same shi da araha.

Mai sayarwa zai ce a jona a gwada. A yi haƙuri tukuna. Injin da ya yi shekaru a ajiye, ɓera ya ci wayoyinsa, zanzaro ya yi gini a ciki, ruwan damina ya shiga. Mai gyaran lantarki ya fara aunawa ya tabbatar kuran ba ya zuba daga naɗin waya zuwa jikin ƙarfe. Da na'urar awon da ke ba da bolt 500, abin da ake nema shi ne aƙalla megom 1. In bai kai ba, sau da yawa danshi ne. A buɗe a shanya a rana kwana biyu ko uku a sake aunawa.

Kwancewa da wankewa

Ga inda mutane da yawa ke ɓata inji: notin gefen hagu baibai yake. Zarensa na hagu ne, wato ta inda ake ɗaure sauran notoci ta nan ake kwance shi. An yi haka ne da gangan, don juyin inji ya riƙa ƙara ɗaure shi maimakon ya kwance. In ya ƙi motsi, a jiƙa shi da gazuwal ya kwana, kada a hau shi da guduma.

Kafin a raba murafun moter biyu da jikinsa, a yi musu alama da ƙusa, don kowanne ya koma yadda yake. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire ko ɗaya. Bis da wasa na kowane gefe a zuba su a gwangwani dabam. Kada a bugi bakin sanda da guduma kai tsaye; a sa katako a tsakani, ko a nemi abin jan rulma a garaji.

Jikin waje a wanke da gazuwal da burushin waya. Ƙananan ƙarafa masu tsatsa a jiƙa su cikin binegar kwana ɗaya, a wanke, a busar, a shafa mai nan da nan. Naɗin waya na ciki kuwa ba a wanke shi da fetur ko ruwa, ba a karce shi. A hura masa iska, a share da burushi mai laushi, a fasa ginin zanzaro a hankali da tsinke.

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Mutanen kan iyaka ba su manta yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Saboda haka a kankare shi a jiƙe, a waje, nesa da yara da wurin girki, a tattara abin da ya zuba a rufe. In za a sake fenti, a rufe farantin suna da sanda da mazaunin rulma.

Rulma da kwandansater

A gefen kowace rulma akwai lamba. Wadda aka fi samu a irin waɗannan injuna ita ce 6203 mai ramin milimita 17, da 6204 mai 20, da 6205 mai 25. Lambar ɗaya ce a duniya, ko ta kamfanin SKF ce ko ta wani, don haka rulmar injin da ya shekara hamsin ana iya samunta wurin masu kayan mota da babur. Harufan ƙarshe suna nuna murfi: ZZ na ƙarfe, 2RS na roba. A ƙasarmu mai ƙura, ga kuma ƙurar gogewa kanta, mai roba ta fi. A canza duka biyun lokaci guda. Wajen sawa, a sami guntun bututu da ya yi daidai da zoben ciki, a buga ta kansa a hankali. In aka buga zoben waje, sabuwar rulma ta lalace tun kafin ta fara aiki.

Mai zoben tagulla ko babit kuwa mai yake sha, ba giris ba. A wanke kofunan da hanyoyin mai, a sa sabon lagwani in mai lagwani ne, a riƙa ɗiga man inji marar kauri kullum kafin a fara aiki.

In an kunna inji yana gurnani bai tashi ba, amma da an tura shi sai ya kama, a kashe da sauri. Yawanci kwandansater ce ta mutu, ko wani ɗan makunni na cikin moter da ke buɗewa in gudu ya kai ya maƙale da datti. A sayi kwandansater mai mikrofarad daidai da tsohuwar, bolt ɗinta kuma daidai ko sama. Tana iya riƙe kuran ko bayan an cire waya, sai mai gyara ya sauke shi kafin a taɓa. Waɗanda aka yi kafin wajen 1980 wasunsu na ɗauke da wani mai mai guba da ake kira PCB. In tana yoyo kada a taɓa da hannu, kada a jefa a wuta.

Wayar da ta bushe tana fashewa a canza ta gaba ɗaya, a sa mai jijiya uku, ta ukun a ɗaure ta ga jikin inji ta tafi ƙasa. Makunni ya zama kusa da hannu. Masu gurup ko sola su sani cewa moter yana jan kuran ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin gurup ke durƙushewa ko da lambarsa ta yi daidai da ta inji.

Gwajin farko

A ɗaure inji da bulo a kan tebur mai nauyi ko gindin siminti. A kunna shi ba faifai, mutum yana tsaye a gefe. A duba juyin: saman sanda ya taho wajenka ya gangara ƙasa. In baibai yake, notoci za su kwance, kuma abin da ake gogewa fuska zai nufa. A na layi uku, musanya wayoyi biyu kawai ke juya shi. A bar shi ya yi minti goma sha biyar. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in hannu ba ya iya daɗewa a jikinsa alhali ba ya aikin komai, akwai matsala. Bayan an kashe, lafiyayyen inji yana daɗewa yana juyi shiru kafin ya tsaya.

Faifai da sabulun gogewa

Moter na Hz 50 gudu biyu aka fi samu: wajen 2850 ko wajen 1425. Mai sauri na ƙarfe ne. Mai a hankali ya fi dacewa da ƙaho da katako da roba, waɗanda zafi ke ƙonawa. Mai inji na bel yana iya zaɓa: moter mai 1425 da pulin da ya ninka na sanda biyu zai ba shi 2850.

Faifai iri-iri ne. Na igiyar sisal mai kaushi yana cire karce daga baƙin ƙarfe. Na auduga mai ɗinki shi ne na tsakiya. Na auduga sake, marar ɗinki, shi ke fito da ƙyallin ƙarshe. Tela yana iya ɗinka su da ƙyallen auduga zalla, in dai an yanka da'ira daidai kuma rami na tsakiya sosai. Yadin roba narkewa yake. Sabulun gogewa, wanda ake sayarwa dunƙule kamar sabulu, launinsa ke nuna aikinsa. Baƙi na fara aikin baƙin ƙarfe ne. Ruwan ƙasa, mai suna tiripoli, na tagulla da alminiyam da farkon aikin azurfa. Kore na ƙarfen da ba ya tsatsa, wato inoks. Ja shi ne na ƙarshe ga azurfa da zinariya. Kowane sabulu da faifansa. In aka gauraya, mai kaushin zai karce abin da mai laushin ya gyara. Kaɗan ake shafawa, a kai a kai. Kuma gogewa ba ta cire rami mai zurfi, sai an bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi tukuna.

Kare kai

Faifai mai faɗin milimita 200 a kan juyi 2850, bakinsa yana gudun kusan mita 30 a sakan guda, fiye da kilomita 100 a awa. Duk abin da ya kama, ya tafi da shi kafin ƙiftawar ido. Don haka ba a tsayawa gabansa da babbar riga, ko jelar rawani, ko mayafi, ko carbi a wuya. A naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo. Safar hannu sake tana jawo hatsari maimakon ta kare, tunda ita faifan zai fara kamawa.

A riƙa kai aiki ƙasa da tsakiyar faifai, don in ya fizge ya jefar ƙasa. Kada a ba shi baki ko kusurwar abu ta inda zai iya cafka. Sarƙa a naɗe ta a kan allon katako, zobe a zura shi a sanda. Wuƙa kuwa kaifinta ya kalli ƙasa, ya bi juyin faifai. Tabarau na kariya da takunkumi wajibi ne, domin ƙurar sabulu da ta ƙarfe a huhu take zama. A riƙa share ƙurar auduga, tana kama wuta da tartsatsi guda. Maƙeran azurfa ma tara ta suke yi, don akwai azurfa a ciki. Kada kuma a ɗaura dutsen wasa a kan injin da ba shi da murfi: in ya fashe a guje, ɓaraguzansa na iya kisa. Yaran shago kada su taɓa sai babba na tsaye.

Ga ƴan uwa na ƙetare da ke son taimaka wa ɗan uwa da jari, kafin a biya kuɗin kwantena, a turo hoton farantin suna da na akwatin wayoyi ta WhatsApp, a kai wa mai gyaran lantarki na gida ya duba. In za a aiko, a haɗo da notocin inji da tsinin bakin sanda na dama da na hagu, da ƴan dunƙulen sabulu, domin su ne ke wuyar samu a nan. Rulma da waya da fenti kuwa akwai su a kasuwa.